Ƙarfe Goma a Ɗakin Dosiye

A shekarar da damina ta ƙi mu, mu goma sha ɗaya ne muke kwana a ɗaki biyu a unguwar Bukoki, kuma albashina kaɗai ke shigowa gidan. Mijina magini ne, to wa yake gini cikin yunwa? Innata ta taho daga ƙauyenmu na wajen Maraɗi da jikoki uku, bayan rumbunta ya koma wurin kwanan ɓeraye. Ƙanwar mijina ta biyo baya da 'ya'yanta biyu. Ba wanda ya aiko da saƙo kafin ya zo, ba kuma wanda za a ce wa ya koma.

Ni mai buga mashin ɗin rubutu ce a wani biro, wato ofishin gwamnati, inda ake rubuta takardun rabon hatsin taimako. Sojoji ne ke mulki, kuma ba su san wasa da agogo ba. Bakwai da rabi ake rufe ƙofar biro. Wanda ya makara ya tsaya a waje a rubuta sunansa, wanda aka rubuta sau uku kuwa ya nemi wani aiki. Saboda haka tun assalatu ina layin pampo da bokiti biyu. In dawo in dama kunu, in wanke yara, in kama hanya da ƙafa. Sha biyu da rabi in koma gida cikin rana in tuƙa tuwon jar dawar nan ta taimako, wadda yara ke ci suna yamutsa fuska, uku da rabi ina kan mashin kuma.

Ni Kirista ce, 'yar Kirista. A gidanmu na ƙauye ba a kai loma baki sai an yi godiya, ba a fita gona sai an karanta Maganar Allah. Amma a shekarar nan ban tuna ranar da na fara addu'a na kai amin ba. Nakan fara a tsaye, ludayi a hannu, sai wani yaro ya fasa ihu. Ran Lahadi a majami'a kuwa, da mai wa'azi ya buɗe baki sai kaina ya faɗa kan kafaɗar ta kusa da ni. Na zama mai faɗa. Dama can ba a san ni da sanyin baki ba, amma a lokacin ko kaza ta gifta sai ta sha zagi.

Wata rana na mari 'yata saboda ta zubar da rabin kwanon ruwa. Inna tana zaune tana tsince dawa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ɗiyata, yaushe rabonki da yin magana da Ubangijinki?"

Na ce, "Inna, in kin ga lokacin da ya rage, ki nuna mini shi in ɗauka."

Ta ce, "Kin ba gwamnati nata, kin ba tukunya nata. Shi ko sai abin da barci ya rage mishi."

Na ce, "To gobe ke za ki tahi layin pampo, ni in zauna in yi ta waƙa."

Ta ci gaba da tsince dawarta. Na ji kunyar abin da na faɗa, kuma na yi fushi da ita saboda ta sa ni jin kunya. Kwana uku maganar tana cina.

A biro ɗinmu akwai wani tsohon planto, mai kai takardu daga tebur zuwa tebur. Bazabarme ne na unguwar Gamkalle, kowa Baba yake ce masa. Yana da buta da buzu a ƙarƙashin bencinsa. In lokacin salla ya yi, ko wasiƙar shef shugaban biro ce a hannunsa sai ya ajiye, ya yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango. Ba wanda ya taɓa ce masa kanzil, har sojoji kan kauce kada su gifta gabansa. Na fara kallonsa ina jin kishi. Mu an koya mana cewa kowane lokaci na addu'a ne, ni kuwa na bari har ya zama ba ni da ko ɗaya.

Sai na nemi nawa lokacin. Ƙarfe goma wata mata takan zo bakin ƙofa da fari masa, irin fanken nan mai zafi, kowa ya fita na minti goma sha biyar, biro ya zama wayam. Makullin ɗakin dosiye kuwa, inda ake ajiye takardu, a hannuna yake, tunda ni ke jera kwafin duk abin da na buga. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba taga, sai kantoci da ƙura. Tun muna yara an koya mana cewa mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, kada ya yi don mutane su gani su yaba. Haka na yi. Na shimfiɗa wani tsohon kwali a ƙasa, na juya makulli daga ciki, na durƙusa. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna, don kada ta ce maganarta ce ta ci.

Kwanakin farko ba abin da ya faru sai tunanin gishiri da itacen girki. Sai na ɗauki bayan wata takarda da ta lalace, na rubuta sunayen waɗanda zan yi wa addu'a, don hankalina ya daina yawo. Mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ƙauyukan da danginmu suka rage a ciki. Na sa takardar cikin ɗan Littafina Mai Tsarki da nake ɗauka a jaka. Sannu a hankali minti goma sha biyar ɗin nan suka zama abin da nake jira tun daga layin pampo. Ban ce na zama waliyyiya ba, amma hannuna ya daina saurin tashi kan yara.

A ƙarshen jerin na rubuta "ajidan". Wani soja ne da aka kawo ya zauna a biro ya sa ido kan takardun hatsi. Dogo, siriri, da 'yar sanda a hammata. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "ke mai mashin". Ya taɓa yaga shafi huɗu da na buga a gaban kowa saboda kuskure ɗaya, ya watsa mini a kan tebur. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na sa shi a jerin ne don an umarce mu mu yi wa waɗanda ba ma so addu'a, kuma abin da nake faɗa wa Allah a kansa bai cika kama da albarka ba.

Na yi kusan wata uku a haka, sai wata takarda ta fita daga biro. Takardar da ke nuna ƙauyukan da kamiyo, manyan motocin hatsi, za su je ce, da waɗanda aka tsallake. An same ta a hannun ɗalibai, sun kwafe ta suna rabawa a gari. Washegari aka zo da mota aka ɗauki mutumin da ke juya mashin ɗin kwafi. Kwana biyu ya yi. Da ya dawo bai ce wa kowa komai ba, ya zauna da ƙyar, kuma ba wanda ya tambaye shi. Hira ta mutu a biro, kowa ya tuna cewa baki shi ke yanka wuya.

Da mai hankali ne, da ya daina kulle kansa a ɗakin da kwafin takardar nan yake. Ko kuwa ya je ya gaya wa shef abin da yake yi a ciki. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na ce a raina abin da ke tsakanina da Allah ba na shef ba ne, kuma in na bari yanzu ba zan sake samun wani lokaci ba. Abin da na yi shi ne na ƙara ɓoyewa. Na fara jira sai kowa ya fita, in cire takalmana in riƙe a hannu don kada a ji tafiyata, in juya makulli a hankali. Har yau in na tuna sai in riƙe baki, wai ni a ganina dabara ce.

Ranar wata Laraba ina durƙushe, na kai kan sunan mijina, sai na ji an buga ƙofa da sanda, sau uku.

"Buɗe!"

Na miƙe, ban san lokacin da na cusa Littafin bayan dosiyoyi ba, kamar wadda aka kama da kayan sata. Makulli ya ƙi juyawa. Yana bugawa, ina kokawa da shi. Kafin ƙofa ta buɗe na san na daɗe fiye da yadda mai gaskiya zai daɗe.

Ajidan ne, da sojoji biyu a bayansa, da shef yana share goshi. Can baya sauran ma'aikata sun dawo, wasu da fari masa a hannu. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ba takalmi, ƙura a gwiwoyin zanena.

"Mi kike yi nan, ƙohwa kulle?"

Na ce, "Addu'a, mon ajidan."

"Addu'a." Ya juya ya dubi shef. "Yau Lahadi ta?" Ba wanda ya yi dariya. "Na yi lakwal aji guda da Kiristoci, na san su. Lahadi suke tasu salla, cikin ɗakinsu mai ƙararrawa."

Ya sa aka zazzage jakata a ƙasa. Ba komai sai tsumma da ɗan guntun sabulu. Sai ya bi kantoci da ido, ya ga inda ƙura ta goge. Ya sa hannu ya zaro Littafin, daga bayan dosiyen rabon hatsi ba wani ba. Ya kama shi ta bango ya girgiza, takardata ta faɗo. Ya ɗauka. Gabanta rubutun biro ne, bayanta rubutun hannuna. Na ga leɓensa yana motsi yana bin sunayen, kuma na san abin da zai tarar: uku cikin ƙauyukan da na rubuta suna cikin waɗanda kamiyo ya tsallake.

Ya ce, "Waɗanga garuruwa, wa ya ce ki rubuta su?"

"Dangina na can."

"Waɗanga mutane fa?"

"Mutanen gidana ne."

Sai yatsansa ya tsaya a ƙasan takardar. Ya ɗago kai a hankali. "Ni kuma mi ya kawo ni ciki? Ni danginki ne?"

A lokacin ba kaina na tuna ba. Tukunyar gidanmu na gani, da bakuna goma da za su jira ni sha biyu da rabi. Na tuna yadda mai mashin ɗin kwafi ya zauna da ƙyar. Na ce, "Jerin waɗanda nike ma addu'a ne. Kai ma kana ciki."

Ya buga sandarsa a tafin hannu. Sannan ya nuna kwalin da ke ƙasa. "To yi in gani. Yadda kike yi kullum, tun daga sama har ki kai gare ni. In kinka yi gardama da takardag ga, mota na waje." Ya riƙe takardar a gabansa yadda ba zan ga rubutun ba.

Na durƙusa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, mutum kusan ashirin suna leƙe. Na rufe ido. Amma wata uku ina bin jerin nan kowace safiya, harshena ya san hanya ko da kaina bai sani ba. Na fara da Inna da ciwon ƙafarta. Mijina, a ba shi aiki kafin zaman banza ya cinye shi. Yara ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramin da gudawa ta ƙi saki. Na bi ƙauyuka a jere, na roƙi ruwa, na roƙi kamiyo ya kai gare su. Ina jin ƙarar takarda a hannunsa yana bi.

Sai na zo ƙarshe. Na san abin da ya kamata in ce: Allah ya ƙara masa girma, ya ja zamaninsa. Kalmomin suna nan a bakina. Amma a kan kwalin nan ban taɓa yi wa Allah ƙarya ba, wurin kaɗai ke nan da ya rage mini a duniya da ba na yi, kuma na ji in na yi yau ba zan sake iya durƙusawa a kansa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce yadda na saba, "Ubangiji, ga ajidan. Ka san ba ni son shi, ban ɓoye maka ba. Ka sanyaya mishi zuciya, ko ka sanyaya tawa, don mu biyu ba mu zama biro guda haka. In yana da iyali can garinsu, ka ba su abinci. Amin."

Ban buɗe ido ba. Na ji wata mata a baya ta ja numfashi. Na jira mari, ko hannu a wuyan rigata.

Da na gaji da jira na duba, sai na ga yana ninke takardar yana sawa a aljihu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya miƙa hannu na ba shi makulli. Ya jefa mini Littafin a cinya, ya ce wa sojojin, "A cire ƙohwag ga." Sannan ya sunkuyo kusa da ni. "Ban ce na yarda da ke ba. In wata takarda ta sake hita, ke zan hwara ɗauka."

Da guduma suka fitar da ƙofar daga maƙalanta, suka jingine ta a tsakar gida. Na koma kan mashin.

Da aka tashi sha biyu da rabi, Baba planto ya tare ni a bakin hanya. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Madam, ni na faɗa. An tambaye ni wa ke shiga ɗakin nan, ban iya ƙarya ba."

Wuta ta taso mini. Na ce, "Baba, da furfurarka? Mutum goma kake so ka bari da yunwa?"

Ya ce, "Kala suuru, yi haƙuri. Amma kwana nawa ina ganin ki da takalmi a hannu kamar ɓarauniya? Ni ban san salla kike ba. Salla sata ce, da za a ɓoye ta? Da kin gaya mini, ni da kaina zan tsare miki ƙofa."

Na wuce abina, na san yana da gaskiyarsa, kuma wannan ya ƙara mini haushi.

A gida ina tuƙa tuwo na ba da labari. Mijina ya ajiye kwanon da ke hannunsa. Ya ce, "Ya isa haka. Ki yi a zuci kina kan mashin, Allah na ji. In anka kore ki, mi za mu ci?" Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na dubi Inna, ina so ta yi mini faɗa ko ta ƙarfafa ni, kowanne ma. Ta ce kawai, "Ni ban ce ki kai kanki ga halaka ba, ɗiyata." Ba wanda zai zarge ni in na bari. Na kuma san kaina: wannan "a zuci" shi na yi shekara guda ina yi, har na mari yarinya kan rabin kwanon ruwa.

Washegari ƙarfe goma mai fari masa ta yi kira a waje, amma kusan ba wanda ya fita. Kowa ya sami abin yi a teburinsa. Ajidan ya juya kujerarsa tana fuskantar ɗakin dosiye, wanda yanzu ba shi da ƙofa, ana hango kwalina a ƙasa daga ko'ina. Na buga layi guda sau uku, sau uku ina kuskure. Agogon bango ya wuce goma da minti biyar. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Na tashi. Ban cire takalmi ba, na bar su suka yi ƙararsu a kan siminti tun daga teburina har ɗakin. Na ɗauki Littafin a hannu yadda kowa zai gani. Na durƙusa, bayana yana ga jama'a, ina jin idanunsu a ƙeyata. Na rufe ido, ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa.

Sai na ji ana jan benci a ƙasa. Ya zo ya tsaya daidai inda ƙofa take a da. Na ji mutum ya zauna da nishin tsufa, na ji ƙarar carbi. Ban waiga ba, na san Baba ne, ya ba ni baya ya fuskanci biro.

Na fara da Inna. Ina kan yara na ji kujera ta motsa, sai takun manyan takalma yana tahowa, ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a gaban bencin.

"Tashi, tsoho. Dosiye nike so."

Baba ya ce, "Tana salla, mon ajidan. A jira."

Na saurara in ji faɗuwar benci, ko sanda a jikin tsoho. Ban ji ba. Takalman ba su matso ba, ba su kuma koma ba. Ba takarda a hannuna, tana aljihunsa, amma ban bukace ta ba. Na ci gaba daga inda na tsaya, na bi ƙauyukan a jere ban tsallake ko ɗaya ba, har na kai ƙarshen jerin na ambace shi, yana tsaye a bayan Baba yana jira in ce amin.